Fitilar Motar Asibiti da Amanar Bayan Ciniki

  

Tambayar da nake so mu tattauna a wannan fitowa ita ce: mutum ya sayar da kaya da zuciya ɗaya, bai san da wani aibi a jikinsu ba, an biya shi, an rabu lafiya. Bayan wata shida ko shekara biyu sai ya gano ashe akwai aibi, mai saye kuwa bai sani ba, ƙila ma ba zai taɓa sani ba. Shin da sauran wani haƙƙi a wuyan mai sayarwa, ko kuwa ciniki ya faɗa, magana ta ƙare? Domin mu ga nauyin tambayar sosai, na ɗauko misali daga nesa, daga ƙasar Amurka, a kan wani abu da ba kasafai muke tunaninsa ba. Ina nufin fitilar nan mai walƙiya da ke kan motar asibiti da motar kashe gobara da motar 'yan sanda.

Ki sani, 'yar uwa, motar asibiti ba hannu ɗaya ke haɗa ta ba. Wani kamfani, kamar Ford, shi ke ƙera inji da gindin motar. Wani kamfanin daban ya gina ɗakin da ake kwantar da mara lafiya. Fitilu da jiniya kuma aikin wasu ne, irin su Whelen da Federal Signal da Code 3, waɗanda sana'arsu ke nan. Wani lokaci ma akwai hannu na huɗu, wato masu garejin da ke fasa jikin mota su ja wayoyi su ɗaura fitilun. Doka ta hau kan masu ƙera motar da masu ƙera kayanta baki ɗaya. Tun shekarar 1966 Amurka ta kafa dokar kiyaye lafiyar masu shiga mota, kuma akwai hukumar da ke lura da ita, ana kiranta NHTSA a taƙaice. Idan kamfani ya tabbatar akwai aibin da zai iya cutar da rai a cikin abin da ya ƙera, ko mota ce ko fitila, kwana biyar na aiki aka ba shi ya sanar da hukuma. Daga nan a rubuta wa waɗanda suka saya, a gyara musu ko a canza musu ba tare da sun biya ko sisi ba. Wannan shi ne abin da gidajen rediyo ke fassarawa da kiranye. Kalmar ta yi mini daidai ƙwarai, don kuwa a Hausa kiranye shi ne a jawo wanda ya yi nisa ya dawo gida ko yana so ko ba ya so. To haka ake jawo kayan da suka riga suka bar hannun mai su.

Za ki iya cewa, fitila kuma? Ai ba birki ba ce, ba taya ba ce. In ta mutu a canza ƙwai mana. A nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani tare da ni.

Aibin wannan fitila ya sha bamban da na sauran kayan mota, domin wanda ke cikin motar shi ne na ƙarshe da zai sani. Birki in ya ƙi kamawa direba yana ji a ƙafarsa nan take. Fitilar da ke bisa rufi ko a bayan mota kuwa ba ya ganinta. Ya danna makunni, shi a wurinsa ta kunnu. Sai ya shiga mararraba da gudu alhali danja ta nuna ja, ko ya hau hannun da ba nasa ba, ko ya tsaya a gefen babbar hanya da tsakar dare ya fito yana duba wanda ya ji rauni, duk yana yi ne bisa yaƙinin cewa ana ganinsa. Da ya san ba fitila, da ya rage gudu, da ya yi kaffa-kaffa. Kin ga ke nan fitilar da ake zaton tana aiki alhali ta mutu ta fi rashin fitila haɗari. Aibin kuwa yana zuwa ta fuskoki da yawa. Ruwa kan shiga ya taɓa wayoyi har su yi zafi su kama da wuta, ko na'urar da ke sa walƙiya ta rikice ta shafi fitilar birki, ko abin da ya riƙe fitilar a kan rufi ya saki tana cikin tafiya.

Har doka guda aka gina a kan wannan fitila. A shekarar 1994 mota ta buge wani ma'aikacin motar asibiti a jihar Karolina ta Kudu yana tsaka da aiki a wurin da aka yi haɗari, kuma abin mamaki sai aka ɗora masa laifin. Shi ne ya tashi tsaye har jihar ta yi doka a 1996, cewa duk direban da ya hango motar ceto a tsaye tana walƙiya dole ya koma ɗaya hannun ko ya rage gudu. A yau dukkan jihohin Amurka hamsin suna da irin wannan doka. Amma ki lura, dokar kacokan ta dogara ne a kan abu guda: fitilar ta kunnu. In ba ta kunnu ba, ba abin da ya rage tsakanin wannan bawan Allah da motar da ke tahowa sai duhu.

To mu dawo kan tambayarmu. Ɓangarenta na farko mai sauƙi ne, kowace ɗalibar Islamiyya ta san shi. Labarin da Manzon Allah (SAW) ya wuce mai sayar da hatsi ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa sananne ne, kuma mun san irin kakkausan gargaɗin da ya yi a kan algus. Mai Risala, a babin ciniki, ya hana ɓoye aibin kaya, har ya faɗaɗa abin zuwa duk wani bayani da in mai saye ya ji shi zai ƙi kayan. Haka nan fiƙihu ya ba mai saye damar mayar da kaya idan ya gano tsohon aibi. Wannan duka a kan wanda ya sani ne tun ranar ciniki, ko kuma a kan mai sayen da ya gano da kansa. Inda abin yake da sarƙaƙiya shi ne inda mai sayarwa ya gano daga baya, shi kaɗai, ba wanda ya tuhume shi.

Ni dai a ganina, ranar da sani ya zo masa, ranar wani sabon haƙƙi ya hau kansa. Jiya shirunsa rashin sani ne, ba shi da laifi. Yau shirunsa zaɓi ne. Kayan ba su canza ba, cinikin bai canza ba, shi ne ya canza, don ya zama mutumin da ya san akwai rami a kan hanya yana kallon mutane suna tahowa. Magabata sun fahimci wannan. An ruwaito cewa sahabi Wasilatu ɗan Asƙa'u ya ga an sayar wa wani mutum taguwa, sai ya bi shi da sauri ya tambaye shi ko yankawa zai yi ko hawa. Mutumin ya ce hawa zai yi. Sai ya gaya masa akwai rauni a tafin ƙafarta. Mai taguwar ya ji haushi, ya ce an ɓata masa ciniki, amma Wasilatu ya kafa masa hujja da abin da ya ji daga Manzon Allah (SAW), cewa bayyana aibi ya hau kan mai sayarwa, ya kuma hau kan duk wanda ya sani. Ki duba abubuwa biyu a nan. Na farko, ciniki ya riga ya faɗa, mai saye ya kama hanya, aka bi shi. Na biyu, tambayar da ya fara yi: me za ka yi da ita? Raunin da ba komai ba ne ga mahauci, halaka ne ga mai ratsa sahara. Haka fitilar da in ta mutu a shagon mai shayi sai dai a kunna tocila, in ta mutu a kan motar da ke ɗauke da mai naƙuda wani zance ne daban.

Akwai kuma labarin Imam Abu Hanifa, wanda ɗan kasuwar tufafi ne a Kufa. Ya gaya wa abokin kasuwancinsa cewa akwai aibi a jikin wani tufa, in zai sayar ya bayyana. Abokin ya manta ya sayar, kuma aka kasa gane wanda ya saya. Sai Imam ya sadaukar da kuɗin. Bai ce ai ba ni na sayar ba, bai ce ai mantuwa ce ba.

Kowa zai ce ya yarda da wannan a baki. Abin da ke hana mutane aikatawa shi ne lissafi, kuma mafi munin misalinsa da na sani shi ne na kamfanin General Motors. A wasu ƙananan motocinsa, irin su Chevrolet Cobalt da Saturn Ion, wurin da ake zura mabuɗi ba shi da ƙarfin riƙo. In mabuɗin ya yi nauyi da tarkace, ko gwiwar direba ta taɓa shi, ko mota ta faɗa rami, sai ya juya da kansa inji ya mutu ana cikin gudu. Sitiyari ya yi tauri, birki ya yi nauyi, jakar iskar da ke kare direba kuma ta ƙi buɗewa. Injiniyoyin kamfanin sun san da matsalar tun wajen 2004 da 2005. Gyaran bai kai dala ɗaya a kan kowace mota ba. Abin da aka yi a 2005 shi ne aka aika wa dillalai takarda cewa su shawarci masu mota su rage kayan da suke ratayawa a jikin mabuɗi. A 2006 aka canza ƙarfen a ɓoye, ba a canza lambarsa ba, don haka sababbin motoci suka gyaru, tsofaffi kuma aka bar su a kan titi. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar shekara 29 ta rasu a irin wannan mota a jihar Jojiya a 2010. Iyayenta suka ƙi haƙura, lauyansu ya ɗauko injiniya, shi ne ya kwance tsohon ƙarfe da sabo ya ga ba iri ɗaya ba ne. Sai a 2014 aka yi wa motoci kimanin miliyan 2.6 kiranye. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124, kuma a 2015 kamfanin ya biya gwamnati dala miliyan 900.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labari shi ne canjin nan na 2006. Wanda ya gyara a ɓoye ya riga ya amsa cewa akwai aibi. Ya gyara gaba ya bar baya, domin gyaran baya yana buƙatar a buɗe baki a faɗa. Kuskuren ƙira kowane ɗan Adam yana iya yinsa, ba a kansa nake zarginsu ba. Shekarun da suka shige tsakanin sani da faɗa su ne laifin.

Amma kada mu sauƙaƙa abin fiye da yadda yake. Akwai uzurin da ke da ƙarfi, kuma ya fi ƙarfi a kan motocin ceto. Mai kamfani zai ce: ban tabbatar ba tukuna, ƙorafi biyu ne ko uku cikin dubbai, in na yi shela yanzu za a ajiye motocin asibiti a gareji, wanda ya kira da dare ba zai samu mota ba, shin wannan ba wata cutarwar ba ce? Gaskiya ne, cutarwa ce. An ga irin wannan tsaka mai wuya a birnin Austin na jihar Tekzas a watan Yulin 2017. An riƙa samun 'yan sanda da iskar guba a jininsu, iskar nan da ke cikin hayaƙin inji wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe iyali in an kwana da janareta a rufe. Hukumomin birnin suka ajiye motocinsu ƙirar Ford Explorer kusan 400 a lokaci guda. Kamfanin Ford ya ce ramukan da masu ɗaura fitilu da rediyo suka huda a bayan motocin ba su toshe da kyau ba, ta nan hayaƙin salansa ke shigowa. Duk da haka ya ɗauki nauyin gyaran motocin 'yan sandan. Hukumar NHTSA ta yi shekaru tana bincike, a watan Janairun 2023 ta rufe shi ba tare da ta ba da umarnin kiranye ba, ta kuma danganta mafi yawan iskar da aka auna da irin wannan aikin ɗaure-ɗaure da rashin toshewa.

Kin ga a nan fitilar kanta lafiyarta lau. Ramin da aka huda domin a ja mata waya, wanda bai fi a zura yatsa ba, shi ne ya zama ƙofar cuta. Wanda ya huda ya bar shi a buɗe ƙila bai taɓa ganin ɗan sandan da zai shiga motar ba. Idan hannaye suka yi yawa a kan aiki, kowa sai ya ga nasa kason ƙarami ne, kowa ya nuna na kusa da shi. Iskar guba kuwa ba ruwanta da wane ne ya huda.

Shin mahukuntan Austin sun yi gaggawa da suka ajiye motoci kafin a gama bincike? Ni ina ganin sun yi daidai, kuma amsar da zan ba mai uzurin nan ke nan. Rashin tabbas yana iya zama dalilin jinkirta hukunci, amma ba ya zama dalilin ɓoye labari. Faɗi abin da ka sani gwargwadon yadda ka san shi: an samu kaza, muna bincike, kafin nan ku riƙa zagaya motar kuna duba fitilun kowace safiya. Shugaban 'yan kwana-kwana ya fi mai kamfani sanin yadda zai auna tsakanin ajiye mota da fita da ita. Wanda ya ɓoye masa labari ya ƙwace masa wannan zaɓi, ya yanke hukunci a kan ran da ba nasa ba, kuma shi ne mai cin ribar shirun. Ba a sa mai bashi alƙalin bashinsa.

Akwai wani abu a al'adarmu da nake jin yana rikita mu a nan, wato rufin asiri. Mun tashi muna roƙon Allah Ya rufa mana asiri, an koya mana suturta ɗan uwa, kuma wannan alheri ne babba. Sai dai asirin mutum daban, aibin kaya daban. In kika suturta maƙwabciyarki a kan wani kuskure da ke tsakaninta da Ubangijinta, ba wanda ya cutu. In kika rufe aibin abin da wani zai hau ko zai ci ko zai shafa wa jaririnsa, kin rufe ne da jikin wani. Ke da kike sana'a a cikin gida kin san wannan yanayi. Kin sayar da man shafawa ko yajin jego ko garin kunun yara, bayan kwana biyu mace ɗaya ta aiko cewa ya fito wa ɗanta da ƙuraje, ke kuma kika tuna wancan karon a wani sabon wuri kika sayo kayan haɗi. Mutum goma sha biyar ne suka saya. Zuciya za ta ce ki yi shiru, ki canza a gaba, kar a ɓata miki suna a unguwa. Wannan shi ne ainihin lissafin 2006, sai dai ƙarami. Ki aiki yaro gida-gida, ko ki ɗauki waya. Wata za ta yi gori, ba na musu, kuma ba zan yi miki alƙawarin cewa ciniki zai ƙaru ba, wani lokaci raguwa yake yi. Haƙƙin dai yana nan ko an yaba ko ba a yaba ba.

Kada kuma a ce ai komai ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba a kafa hujja da ita a kan haƙƙin wani. Ajalin mamaci yana hannun Allah, tambayar da za a yi wa wanda ya sani ya yi shiru tana nan daram.

Saura ɓangare guda da ake yawan mantawa, wato wanda aka aika wa saƙon. Kiranye ba ya gyara komai sai an kai motar. Takarda takan isa ofis a ajiye ta a cikin fayil, ko motar ta riga ta canza hannu sau uku ba a san inda take ba. Ma'aikacin da ya karɓi takardar ya ajiye ya shiga sahun waɗanda suka sani. A nan ne maganar ta iso ƙofar gidajenmu, don da yawa daga motocin tokumbo da mazajenmu ke saye daga Amurka aka yo su. Mafi girman kiranye a tarihin motoci a can shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata na Japan, guda kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da danshi, sai ya fashe da ƙarfin da ya wuce ƙima ya watso wa direba gutsattsarin ƙarfe a fuska da wuya. Fiye da mutum ashirin sun mutu ta haka a Amurka. A 2017 kamfanin ya amsa laifi a kotu, aka yanke masa biyan dala biliyan ɗaya, a shekarar kuma ya durƙushe. Abin ya shafi Honda da Toyota da wasu kamfanoni da dama, har a 2023 Honda ta ce wa masu Accord da Civic na 2001 da 2002 da ba a gyara ba su daina tuƙa su gaba ɗaya. Wasiƙar da aka rubuta wa mai motar na farko ba za ta biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas ba.

Kusan kowace mota tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba, daga ƙasa, ta ɓangaren direba, tana kuma jikin takardun mota. In aka shigar da ita a shafin intanet na hukumar NHTSA, kyauta ne, zai nuna ko akwai kiranyen da aka yi wa motar ba a kai ta gyara ba. Ki samu lokacin da maigida ya huta ya ci abinci, ki kawo masa maganar cikin ladabi, ko ki sa babban yaronki ya kwafo lambar ku duba tare a waya. Idan kuwa ke ma'aikaciyar asibiti ce, ko kina cikin kwamitin da ƙungiya ta ɗora wa kula da motar ɗaukar marasa lafiya, ki roƙi direba ya kunna fitilun duka, na rufi da na gefe da na baya, mutum ɗaya ya taka birki, ke kuma ki zagaya motar ki gani da idonki kafin ta bar harabar.